Wa zai biya in tarkacen roka ya faɗo maka a gida?

Malam, ka tambaya wai in ɓaraguzan roka ko tauraron ɗan'adam suka faɗo suka huda maka kwanon ɗaki a Kurna wa za ka kama. To gaskiya ba kamfanin za ka bi ba, ƙasa ce ke ɗaukar alhaki. Akwai yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, sai ta 1972 wadda ita ce ta yi bayanin diyya.

A ciki akwai abin da ake kira ƙasar da ta harba, kuma fa ba lallai guda ɗaya ba ce, wadda ta harba da wadda ta sa aka harba mata da wadda aka harba daga ƙasarta duk suna ciki. Kamar tauraron ɗan'adam ɗinmu na Najeriya, NigComSat-1, da aka harba daga Chaina a 2007, kaga mu da su kenan.

In ɓarnar a doron ƙasa ce ko ta sami jirgin sama yana tafiya, biya dole ne, ba sai ka kawo hujjar sakaci ba. Amma in can sama taurari biyu suka yi karo sai an tabbatar da mai laifi tukunna, nan ne rigimar take.

Sai dai kai da kanka ba ka da bakin kai ƙara a ƙarƙashin yarjejeniyar, gwamnati ce za ta nema maka ta hanyar diflomasiyya, wannan kam sai haƙuri wallahi. Misali, a 1978 tauraron ɗan'adam Kosmos 954 na Tarayyar Sobiyet ya tarwatse a arewacin Kanada da sinadarin nukiliya, ƙarshe dalar Kanada miliyan 3 suka biya.