Hoton MRI na zuciya zai nuna ko na gaji ciwon da ya kashe ƙanina?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Bara ƙanina mai shekara 19 ya rasu a kogi a nan Argungu, alhali gwanin iyo ne. Wan mahaifinmu ma kwanciya ya yi bai tashi ba, bai kai arba'in ba. Ni kuma sau biyu ina suma a filin ƙwallo. An yi mini ECG (gwajin lantarkin zuciya) da hoton eko (sikanin zuciya), likita ya ce in je a ɗauki zuciyata da MRI. Kuɗin da yawa. In na yi aka ga ba komai, na tsira ke nan?
Mai karatu daga Argungu, Jihar Kebbi

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙansu, ya ba ku haƙuri. Malam, ka je ka yi hoton, amma ko ya fito fes ba za a ce ka tsira ba, kuma ga dalili.

Cututtukan gado masu rikita bugun zuciya gida biyu ne. A gida na farko tsokar zuciyar ce ke da matsala: ko ta yi kauri fiye da kima, ko kitse da tabo su riƙa maye gurbin naman, galibi a ɗakin zuciya na ƙasa na dama. Mai kaurin nan ba baƙo ba ne, ana samunsa a kusan mutum 1 cikin 500, kuma shi aka gano a zuciyar Marc-Vivien Foé, ɗan wasan Kamaru da ya faɗi a fili a Faransa a 2003. A nan MRI ke da ranarsa. Yana auna bangon zuciya daidai, har lungunan da eko ba ya gani sosai. A babban mutum, kaurin milimita 15 kan tabbatar da ciwon, 30 kuwa alamar haɗari ce babba. Sannan akan yi allurar wani ruwa mai suna gadoliniyom, a jira kamar minti goma. Lafiyayyen nama yakan saki ruwan, tabo ya riƙe shi, sai ya fito fari a hoton. Tabon nan shi ne abin tsoro, domin saƙon lantarkin zuciya kan ɓata hanya a wurin ya riƙa zagaye, bugu ya rikice. Idan tabon ya kai kashi 15 cikin 100 na naman ɗakin ƙasa na hagu, likitoci kan fara maganar dasa ƙaramar na'urar da ake kira ICD a ƙarƙashin fatar ƙirji, wadda ke daidaita bugun in ya rikice.

A gida na biyu kuwa naman lafiya lau yake. Matsalar tana cikin ƙananan ƙofofin da sinadaran sodiyom da potasiyom ke bi su shiga ko su fita daga ƙwayoyin zuciya, kuma babu na'urar hoto da ke ganinsu. Nan ciwon doguwar QT yake (wato zuciya na daɗewa kafin ta shirya wa bugu na gaba, abin da ECG kan nuna), da ciwon Brugada wanda aka bayyana a 1992. Mai irin wannan, MRI ɗinsa kan fito ba aibu. Labarin gidanku kuma ya sa hankalina ya karkata nan, don akwai nau'in doguwar QT da iyo ke tayar da shi, Brugada kuma ya fi yin ɓarna cikin barci ko lokacin zazzaɓi. Ban duba ka ba, ba zan yanke hukunci daga nesa ba. Amma ka roƙi a maimaita ECG, a yi maka na motsa jiki, a kuma ɗaura maka na awa 24, domin gwaji ɗaya kan iya ɓoye ciwon.

Abin da ke damuna a yankinmu shi ne, matashi zai suma yana fizge-fizge, a ce farfaɗiya ce ko iska, a shekara ana magani, zuciya ba wanda ya duba.

Kafin sakamako ya fito, ka dakata da ƙwallo da shiga ruwa. Kada ka sha magani daga kemis ba tare da sanin likitanka ba, saboda kwinin, kulorokwin da eritromaisin suna cikin masu tsawaita QT. Zazzaɓi in ya zo, ka sauke shi da farasitamol ka tafi asibiti. Doguwar QT tana da magani, irin su furofaranolol, kuma suna kare rai ƙwarai.

Game da hoton: ba kowace na'urar MRI ke ɗaukar zuciya ba, sai da manhaja ta musamman da ƙwararren mai karantawa. Ka sa likitanka ya tabbatar da wurin kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Sakkwato, Kano ko Abuja. Yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda, ana ce maka ka riƙe numfashi jefi-jefi. Za a gwada ƙodarka kafin allurar, kuma ka faɗa musu in akwai ƙarfe a jikinka.

Yawancin cututtukan nan, in uba ko uwa na da shi, kowane ɗa na iya gadonsa da yiwuwar rabi da rabi. Don haka mahaifinka, 'yan'uwanka maza da mata, da 'ya'yan marigayi wan mahaifinka, kowa ya yi ECG da eko. Ku fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ku nemi ganin likitan zuciya, ku tafi da takardun gwajinka na farko.