Matar da ke zuwa gidan mai jego a Ingila

Yaya, kin tambaye ni ko da gaske ne a nan Ingila hukuma na turo wata mata gidan mai jego, wai in ta ga abin da bai yi mata ba sai ta tafi da jaririn. Zuwan dai gaskiya ne, malamar lafiya ta unguwa ce, amma ba ta da ikon ɗauke ɗan kowa. Sai in ta ga ana cutar da yaro ne take sanar da hukumar kula da yara.

Da farko ungozoma ce ke bibiyarki bayan an sallame ki. A kwana na 5 za ta ɗan tsaga dugadugin jariri ta ɗibi jini a kai gwaji. Tsakanin kwana 10 zuwa 14 sai malamar lafiya ta unguwa ta zo, wadda tun 2015 ƙananan hukumomi ne ke ɗaukar nauyin aikinsu, kuma ba a biyan ko sisi. Za ta duba cibiya da idon yaro ko akwai shawara, ta zauna ta ga yadda yake kama nono, ta rubuta komai a wani jan littafi da ake zuwa da shi awo da riga-kafi. Takan nace a kwantar da jariri rigingine, babu matashi, babu tulin barguna. Nan ne muke ɗan jan daga, don mu sanyin ƙasar nan muke tsoro, amma ita numfashinsa take karewa.

Mu kuwa a Manchesta ba mu yar da namu ba. Da yake bizar iyaye ba ta samuwa a kan lokaci, matan unguwa ne ke karɓa-karɓa, wannan ta kawo farfesu, waccan kunu da yaji. Ana raɗa suna ranar bakwai, walima a bari sai ƙarshen mako, rago kuma da yawa gida suke aika kuɗi a yanka. Wankan jego ana yi da ruwan famfo mai zafi. Kunun kanwa ne na daina ba kowa shawarar sha, tun da likitoci a Zariya suka danganta yawan shansa da ciwon zuciyar masu jego.

Abin da ya sa nake ganin girman matar nan, Yaya, shi ne takan dubi mai jego ta ce, "Ke fa, ya zuciyarki? Kina barci? Kina yawan kuka?" Yarinya ta haihu a bene, miji ya koma aiki bayan mako 2, in lokacin sanyi ne gari ya yi duhu tun ƙarfe huɗu, ba mai leƙowa barka. Da yawa sai su ce lafiya lau, don kunya ko tsoron jita-jitar da kika ji. Shi ya sa duk sabuwar zuwa nake roƙonta ta faɗi gaskiya, in Turanci bai zauna mata ba ta nemi tafinta. Za a sake duba mai jego da jaririnta a mako 6 zuwa 8, kuma lambar wayar malamar na hannunta kafin nan.