Sunan Diallo: daga ina ya samo asali, kuma su wa ke amsa shi?

Tambaya: Salam Malam, ina yawan ganin sunan Diallo a wajen 'yan ƙwallo irin su Amad Diallo na Manchester United, wani abokina ya ce wai shi ne Jallo da muka sani. Don Allah haka ne? Kuma sunan uba ne ko na gari?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, abokinka ya yi gaskiya, suna ɗaya ne, Turawan mulkin mallaka ne suka rarraba rubutun. Bafaranshe ba ya da harafin da ke ba da sautin "ja" irin namu, sai ya rubuta "dia", shi ya sa a Gini da Mali da Senegal da Burkina Faso za ka ga Diallo, a Saliyo kuma Jalloh, a Gambiya Jallow, a Gini Bisau inda 'yan Fotugal suka yi mulki Djaló. In za ka faɗa dai Jallo za ka ce.

Kuma ba sunan uba ba ne, ba na gari ba ne, sunan zuriya ne na Fulani, ɗaya daga cikin manyan gidaje huɗu wato Jallo, Bah, Sow da Barry. Masu sunan ana ce musu Jalluɓe. A Fulatancin yamma irin wannan suna ana kiransa yettoore, daga kalmar da ke nufin yabo ko godiya, don haka in aka gaishe ka aka ce "Jallo!" kamar an yi maka kirari ne da kakanninka gaba ɗaya. Abin da ya fi burge ni ma shi ne wasan da ke tsakanin Jallo da Bah, kamar dai na taubasai, su yi ta tsokanar juna ba mai fushi, har rigima akan kashe da shi.

Inda sunan ya fi yawa shi ne Futa Jallon a ƙasar Gini, musamman Labe, garin Alfa Yaya Diallo, sarkin yankin wanda Faransawa suka kora daga ƙasarsa ya rasu a Muritaniya a 1912. Amma fa a kula, mutane da yawa na zaton Futa Jallon daga Jallo aka samo shi, a'a, daga ƙabilar Jallonke ne da Fulani suka tarar a wurin. A Masina ta Mali ma Jalluɓe ne ke riƙe da sarauta kafin Shehu Ahmadu, wanda shi Barry ne, ya karɓe a jihadin 1818. Babban sakataren farko na ƙungiyar haɗin kan Afirka ta OAU a 1964, Diallo Telli, shi ma ɗan Gini ne.

Sai dai ba duk Diallo ne ke jin Fulatanci ba, mutanen Wasulu a kudancin Mali suna amsa Diallo da Diakite da Sidibe da Sangare, asalinsu Fulani ne amma yarensu yanzu dangin Bambara ne.

Mu nan Najeriya sunan bai yi yawa ba saboda mun fi ɗaukar sunan uba ko na gari, in kuma ana maganar zuriya sai ka ji Sulluɓawa, Toronkawa, Yolawa, Joɓawa, amma ba a cika rubuta su a takardar makaranta ko fasfo ba.