Shin Buguwar Kai Tana Iya Canza Halin Mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata takwas ke nan da maigidana ya yi hatsarin babur, ya faɗi ta goshi, ya yi kwana uku bai san inda kansa yake ba. Alhamdu lillahi ya tashi, yana tafiya, yana magana, har ya koma kasuwa. Sai dai mutumin da aka sani da haƙuri da kawaici yanzu abu kaɗan ke tunzura shi, yana faɗin maganganun da a da ba zai iya furtawa gaban surukai ba, kuɗi kuma ba ya zama a hannunsa. Danginsa sun ce sammu ne, wasu kuma sun ce halinsa na asali ne ya fito. Ina neman ƙarin haske. Daga wata matar aure a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Tabbas buguwar kai tana canza hali, kuma abin da kika zayyana ya yi daidai da abin da likitoci suka saba gani ga wanda ya ji rauni a sashen gaba na ƙwaƙwalwa.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai nauyin kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin saƙo kusan biliyan 86, waɗanda ke isar wa juna bayani ta hanyar ɗan lantarki da sinadarai. Daga gare ta laka ta sauka ta cikin ƙashin baya, daga laka kuma jijiyoyi suka bazu har yatsun ƙafa. Aiki a cikinta rabe yake: gani yana can wajen ƙeya, ji yana gefen kunnuwa, kalamai ga yawancin mutane suna ɓangaren hagu. Shi ya sa wani sashe zai iya lalacewa sauran su ci gaba da aiki lafiya lau, har mutum ya riƙa tafiya da ciniki a ɗauka ya warke sarai.

Sashen da ya shafi tambayarki shi ne wanda ke bayan goshi, a saman idanu. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan curi mai siffar ƙwallon dabino da ke saurin tayar da fushi da tsoro, kuma wannan haka yake ga kowa, mai haƙuri da maras haƙuri. Idan aka gaya wa mutum maganar da ta sosa masa rai, wannan curin ne ke fara zabura, zuciya ta buga, jiki ya ɗauki zafi. Sashen goshi shi ne linzami: shi ke tuna wa mutum cewa wanda ke gabansa surukinsa ne, shi ke auna abin da zai biyo baya, shi ke sa a haɗiye magana bayan ta zo bakin leɓe. Kunya da kara da tattalin kuɗi da tsara abin da za a yi gobe duk sun dogara da lafiyarsa. Shi ne kuma sashen da ke jinkirin nuna, domin ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25.

Abin takaicin shi ne wurin ya fi ko'ina saurin jin rauni a hatsari. Ƙwaƙwalwa taushi gare ta, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai, kuma ƙashin da ke ƙarƙashinta ta saman idanu yana da kaushi da tudu-tudu. Idan kai ya daki kwalta ya tsaya cak, ita takan ci gaba da tafiya ta gogu da wannan ƙashi, siraran zaruruwan da ke haɗa sassanta su miƙe, wasu su tsinke. Irin wannan tsinkewa sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko da ake ɗauka ranar hatsari.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. Ranar 13 ga Satumba 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban ma'aikatan shimfiɗa layin dogo mai suna Phineas Gage yana danna albarushi cikin ramin dutse sai albarushin ya tashi, sandar ƙarfe mai nauyin kusan kilo 6 ta shiga ta kuncinsa na hagu, ta bi bayan ido, ta fita ta saman kansa. Bai mutu ba, bai rasa magana ba. Amma likitan da ya yi jinyarsa, John Harlow, ya rubuta a 1868 cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai ashar, mai gajen haƙuri, wanda ba ya tsayawa kan shawara ɗaya, har abokansa suka ce ba Gage ɗin da suka sani ba ne. Abin da na fi so ki riƙe a labarin shi ne ƙarshensa, domin daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da ke buƙatar kiyaye lokaci da iya zama da mutane. Ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyi, musamman idan rayuwar mutum ta samu tsari.

Saboda haka maganar cewa halinsa na asali ne ya fito ba adalci ba ce gare shi, kuma ina roƙon a daina faɗinta a gabansa. Haƙurin da kika san shi da shi shekara da shekaru nasa ne na gaskiya. Abin da yake riƙe fushi da shi ne ya samu rauni. Addu'a kuwa a ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti.

Ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa ya raka ku wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa mafi kusa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna. Ku tafi da takardun jinyarsa ta farko, ke kuma ki rubuta abubuwan da kika lura da su, domin mai irin wannan rauni sau da yawa ba ya ganin canjin da kansa, kuma ba taurin kai ba ne, yana cikin alamun ciwon. Akwai magungunan da ke rage saurin fushi, akwai kuma horon da ƙwararru ke bayarwa. Idan kuwa kika ga ciwon kai mai ƙaruwa, ko amai, ko yawan barci, ko farfaɗiya, ko rashin ƙarfi a hannu da ƙafa na ɓari ɗaya, kada a jira ranar ganin likita, a kai shi sashen gaggawa nan take.

A gida, ki lura da lokutan da abin ya fi tashi, galibi idan ya gaji, ko barci bai ishe shi ba, ko hayaniya ta yi yawa. Idan ya hau, kada a yi musu da shi. A rage murya, a ba shi wuri, a dawo da maganar bayan ya huce. Harkar kuɗin kasuwa a samu amintaccen ɗan'uwa ya riƙa duba ta tare da shi ba tare da an wulaƙanta shi ba. Idan fushin ya kai ga duka, ki janye da yara zuwa inda za ku tsira, ki sanar da manya da likita a ranar. Ya nisanci duk wani abin maye, kuma kada ya sake tuƙa babur sai likita ya amince, sannan da hular kwano a kansa, domin ƙwaƙwalwar da ta taɓa buguwa ba ta jure bugu na biyu kamar na farko.