Nawa kowace yarinya za ta biya a ƙungiyar wasan tuta?

Maman Hafsa, kin tambayi yadda za ku tsara kasafin ƙungiyar wasan tuta (masu rawa da kiɗa suna jujjuya tutoci) ta makarantar 'yarki a Amurka, da abin da za ku ɗora wa kowace yarinya.

Ku fara da tafiya, ita ce mai cinye kuɗi. Gasar WGI (Winter Guard International), wato babbar gasar wasan tuta, cikin hunturu ake yin ta, a kammala ta a watan Afrilu a Dayton, jihar Ohio. In da niyyar zuwa can, ku nemi farashin bas da otal tun yanzu. Sai albashin masu koyarwa, hayar zauren atisaye, kuɗin rajista, tutoci, bindigogin katako da takubba. Ita kuwa babbar ledar nan da ake shimfiɗawa a filin ƙwallon kwando, ku nemi ta hannu, ƙungiyoyi na sayar da ta bara.

Ku tara jimla, ku ƙara kashi 10 cikin 100 saboda abin da ba a rasa ba. A ce ta kama dala 18,000, yara 20. Kada ku raba da 20, ku raba da 18, ya zama dala 1,000, don ba a rasa mai janyewa a tsakiya. Ku karɓa kashi-kashi, amma kashin farko ya shigo kafin ku ba da ɗinkin kaya.