Ka Duba Ƙasa Kafin Ka Ƙirga Kuɗin Haya

Ka ce mini, ɗana, ka tara ɗan abin da ka tara a shekarun nan da kake bina aiki, an kuma nuna maka wani gida mai sassa 4, sabon fenti, sabon tayil, ana sayarwa da sauƙi. Kana so ka saya ka zuba 'yan haya, shi ne kake tambayata ko ka biya. Na tambaye ka zurfin tushen gidan, ka yi shiru. Na tambaye ka mene ne a wurin kafin a gina shi, ka ciro waya kana nuna mini hotunan falo. Wannan ita ce cutar yaran yanzu. Kun saba ganin abu a waya ya yi kyau ku ce ya yi, ga gaggawar son a ce kun yi arziki. Shekara nawa kana kwaɓa siminti a gabana, amma fenti ya rufe maka ido?

Ba don komai na zauna zan ba ka amsa ba sai don wani gida da har yau in na tuna shi raina yana ɓaci. Wani bawan Allah ne, ya yi aiki duk ƙuruciyarsa, aka ba shi kuɗin sallama, ya kwashe su kaf ya sayi gida irin wannan da kake faɗa. Da rani ya saya, bango sumul, ko tabo babu. Ya zuba 'yan haya, kowa ya biya kuɗin shekara. Ruwa na uku da aka yi, ƙofar sashen baya ta ƙi rufuwa. Kafinta ya zo ya fere ta. Bayan mako 2 ta sake cijewa. Sai tsaga ta fito daga kusurwar taga, ta tafi a karkace tana hawa kamar matakala tana bin layin bulo, a ƙasa siririya, a sama har ɗan yatsa yana shiga. Duk wanda ya san gini ya san ma'anar wannan: kusurwar gidan ce take nutsewa, tana janye bangon.

Da aka kira mu, na sa aka haƙa a gindin bangon. Tushen bai kai rabin mita ba. Ƙarƙashinsa kuwa ba ƙasa ba ce, shara ce: leda, fasassun kwalabe, tsummokara, baƙar laka mai wari. Sai da aka kusa mita 2 kafin diga ta taɓa ƙasa mai tauri. Ashe tsohon kududdufi ne aka cike da juji, aka baza jar ƙasa a sama, aka ɗora gida. Shara tana ruɓewa, tana lotsawa a hankali, ruwa kuma yana ƙara mata sauri. Sokawen gidan ma taku 2 ne tsakaninsa da bango, yana tsiyaya kai tsaye cikin tushen.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda na gani da na sa guduma na ɓare filastar. Tsagar tsohuwa ce. An cusa mata takardar buhun siminti, an shafe, an goge, an bi da fenti hannu 2. Magini ne ya yi wannan, mai riƙe cokali irin nawa da naka. Ya san abin da yake rufewa, ya karɓi kuɗin kwana 2 ya jefa dattijo a rami. Irin waɗannan su suka sa ake kallon mu duka a matsayin macuta.

Gyaran irin wannan ba a yinsa da gaggawa. Ana haƙa ƙarƙashin tushen mita 1, a tsallake mita 2 ko 3, a sake haƙa mita 1, har a kai ƙasa mai tauri, a zuba kankare mai ƙarfi, siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, a bar shi ya kama, a cusa busasshen kwaɓi tsakaninsa da tsohon tushen har ya matse, sannan a koma kan guraben da aka tsallake. Ka buɗe ƙasan bango gaba ɗaya a lokaci guda, to ka kashe kanka da leburorinka. Aikin ya cinye kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin sayen gidan. 'Yan haya suka fita, aka mayar musu da ragowar kuɗinsu, gidan ya yi wata 14 babu kowa a ciki. Wanda ya sayar ya ce ai an gani aka saya, takardar cinikin ma haka ta ce. Dattijon nan sai da ya sayar da filin da ya ajiye wa 'ya'yansa.

To ga abin da za ka yi. Kada ka je kallon gida sai washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa yake kwanciya da inda yake bi. In rani ne, ka nemi tsofaffin unguwar, ka tambaye su me ke wurin shekara 20 da suka wuce. Dillali ba zai gaya maka ba, shi la'adarsa yake jira. Ka shiga ɗaki da tocila, ka rufe taga, ka kwantar da hasken a jikin bango yana bin tsawonsa. Duk inda aka yi faci zai fito kamar tabo a fata. Ka ƙwanƙwasa bango da tayil da ƙotar guduma, inda ka ji sautin rami akwai magana. Ka zuba bokitin ruwa a tsakiyar ɗaki: in ya ruga kusurwa guda, daɓen ya sauka. Ka buɗe kowace ƙofa da kowace taga, ka duba gefensu ko an fere. In ka ga tsaga, ka manna ɗan siririn gilashi a kanta da siminti, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka dawo bayan mako 4. In gilashin ya fashe, gidan yana tafiya. Tsaga mai kaurin gashi a filasta ba komai ba ce. Wadda ta wuce milimita 5, ta kuma ratsa bulo ana ganinta ciki da waje, ka kira injiniya ko ka juya ka tafi.

Ka kuma lura da mita 1 na ƙasan bango. In nan ne fenti yake kumbura yana zuba da farin gari kamar gishiri, damshi ne yake hawa daga ƙasa, domin ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashin daɓe ba. Fenti ba ya maganinsa, duk shekara za ka sake, ɗan haya kuma zai tashi saboda kayansa suna fumfuna. Ka ɗaga silin guda ka leƙa katako, ka ga ko gara ta ci, ko akwai tabon yoyo. In rufin gidan dakin ne, wato na kankare, ka duba ƙasansa: jan tabo na tsatsa yana nufin ruwa ya kai ga rodi, rodin da ya yi tsatsa kuwa kumbura yake, ya fasa kankaren da ya rufe shi.

Maganar takardu ba zan ɓata bakina a kanta ba, ko yaro ya san ba a biyan kuɗi sai an tantance mallaka a ofishin filaye, in gidan gado ne kuma sai kowane magaji ya sa hannu. Haka rubuta yarjejeniya da ɗan haya.

Lissafin da ka yi mini ne nake so ka gyara. Ka ce gidan 100 ne, haya 10 a shekara, shekara 10 ka mayar da kuɗinka. Wa ya koya maka wannan? A ce la'ada da lauya da rajista sun ci 10, gyaran farko ya ci 15, ka ga ka zuba 125. Wata 1 kacal da kowane sashe zai zauna babu kowa ya ɗauke maka kashi 1 cikin 12 na hayar shekara, wato 10 ta koma 9 da ɗan ɗoriya. Ka ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na darajar gidan duk shekara saboda famfo, kwano, kwashe sokawe da fenti. Ka cire haraji da ladan mai karɓar maka haya. Abin da zai rage a hannunka bai wuce 7 ba. Raba 125 gida 7, ka ga kusan shekara 18 ke nan, riba ƙasa da kashi 6 cikin 100. Wannan kuma in kowa ya biya a kan lokaci. Saboda haka in ka ci bashin banki mai kuɗin ruwa sama da wannan don ka cika kuɗin, kai ne za ka riƙa ciyar da gidan daga aljihunka duk wata. Abin da ke ɗaga mai gidan haya shi ne tashin darajar ƙasar da gidan yake kai, da haƙurin riƙe shi shekaru, ga kuma kai da ka iya gyara da hannunka, wanda zai rage maka kuɗin ma'aikata. Kada ka taɓa hayar wata 6 na farko, ka ajiye ta gefe saboda ranar da kwano zai yaye. Ka raba wa kowane sashe mitar wutarsa tun kafin mutum ya shiga, domin rigimar kuɗin wuta tana korar ɗan haya nagari, ta bar maka mai taurin bashi.

Gobe da safe ka ɗauki diga da shebur da tocila, ka gaya wa mai gidan kana so ka haƙa rami guda a gindin bangon baya, kusa da sokawe, za ka mayar da shi da kuɗinka. In ya yarda, ka haƙa har ka ga ƙasan tushen, ka auna zurfinsa, ka ɗebo mini ƙasar wurin a leda in murza ta in sansana. In ya ƙi, ko ya ce akwai wani mai saye da ke jira da kuɗi a hannu, ka yi masa sallama ka dawo wurin aiki, akwai lintar da ba mu zuba ba.