Ginin gidan shuka mai siffar ƙubba ta hanyar gayya: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Malam, mu goma sha biyu ne a ƙungiyarmu ta masu lambu. Muna son gina gidan shuka irin mai siffar ƙubba, wanda ake harhaɗawa da sanduna alwatika-alwatika. Babu kafinta ko mai walda a cikinmu, gayya za mu kira. Anya zai yiwu?

Amsa: Zai yiwu, amma da sharaɗi guda: kada a yi awo ko yanka a ranar gayya. Ranar gayya ta haɗawa ce kawai. Awo da yanka da huda aikin mutum biyu ne masu natsuwa, a gama su kwanaki kafin jama'a su taru. Ƙarfin wannan gini yana cikin alwatika, domin ita ba ta karkacewa muddin tsawon gefunanta bai canja ba. To shi ma kuskure haka yake, ba ya ɓoyuwa. Santimita ɗaya da aka ƙara a ƙasa za ku tarar da shi a can sama, sanda ta ƙarshe ta ƙi shiga.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Injiniya Walther Bauersfeld ne ya tsara irin wannan ƙubba a birnin Jena na Jamus, aka buɗe ta a 1926, daga baya Buckminster Fuller ya yayata ta a Amurka har ya samu rajistar mallakarta a 1954. A 1960 aka buɗe Climatron a birnin St. Louis na Amurka, katafaren gidan tsirrai mai wannan siffa. Naku ƙarami ne, amma lissafin ɗaya ne.

Ku zaɓi samfurin da ake kira 2V, shi ya fi dacewa da sababbin hannu. Sanduna 65 ne, tsawo iri biyu kacal: dogaye 35, gajeru 30. Mahaɗa 26, alwatika 40. Don samun tsawon doguwa, a ninka rabin faɗin ƙubbar da 0.618, na gajeriya kuma da 0.5465. Idan faɗin mita 6 kuke so, rabinsa mita 3 ke nan, doguwa za ta zama santimita 185.4, gajeriya 164. In bututun ƙarfe za ku yi amfani da shi, wannan awo daga rami zuwa rami ne, ba daga baki zuwa baki ba. Nan mutane da yawa suke faɗawa. A ƙara wajen santimita biyu a kowane baki, a daddaƙe bakin ya yi faɗi, a huda, sannan a ɗan lanƙwasa shi, digiri 18 ga dogaye, 16 ga gajeru. Ku yi sanda ɗaya ta gwaji a kowane iri, duk sauran a auna da ita. Sai a shafa wa dogaye fenti kala ɗaya, gajeru wata kalar. Ɗan gayya ba zai tsaya karanta tef ba, amma ja da shuɗi kowa ya san su.

Akwai 3V, ya fi kyan gani, ya fi zama zagaye, sai dai babban nau'insa sanduna 165 ne, gindinsa kuma ba ya zama daidai a ƙasa sai an yi masa gyara. Ku bar shi sai gini na biyu.

Tambaya: Yaya za a raba aikin ranar haɗawa?

Amsa: Mutum shida zuwa takwas sun isa a kan ƙubbar. Saura su riƙa miƙo sanduna, su kula da ruwan sha, su hana yara shiga ƙarƙashi. Jagora ɗaya, takardar zane a hannunsa, shi kaɗai ke faɗin wace sanda ce ke biye. In masu ba da umarni suka kai uku, sai kun kwance rabin aikin.

A fara da gindi: dogaye goma a jera su zobe a kan filin da aka daidaita tun jiya. Daga nan a hau layi-layi, a zagaye gaba ɗaya kafin a ƙara sama. Ga ma'auni mai sauƙi da kowa zai riƙe: duk mahaɗar da sanduna biyar suka taru, gajeru ne zalla, kuma irin wannan mahaɗa shida ce, ɗaya a ƙoli, biyar a kewaye. Kada a ɗaure noti tamau sai an sa sanda ta ƙarshe, a bar ginin yana ɗan motsi don ramuka su haɗu. Kada kowa ya taka tsakiyar sanda, tsani ake hawa. Kafin a watse kuma, a kafe gindin da turaku masu zurfi ko a ɗaure shi da tubalin siminti. Ƙubba ba ta da nauyi, da zarar an lulluɓe ta iska mai ƙarfi na iya ɗaga ta ɗungurungum.

Abu ɗaya da nake ba kowa shawara: ku ɗora ta a kan gajeren bango mai tsayin kusan mita ɗaya. In ba haka ba, gefen ciki sai a durƙushe za a yi aiki, ƙofa ma ta zama matsala.

Tambaya: Leda nawa za mu saya?

Amsa: Jikin ƙubba ya kusa ninka filin ƙasanta biyu. Mai faɗin mita 6 tana cin sama da murabba'in mita 50, ku ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda abin da yanka zai ɓata. A nemi ledar gidan shuka wadda aka yi don jure hasken rana, mai kaurin maikiron 200, wato milimita 0.2. Ledar da ba ta wannan aiki ba tana tsagewa da wuri. A naɗe wuraren da take gogar ƙarfe da tef, domin ƙarfe mai zafi yana cin ta. A lulluɓa da safe lokacin da babu iska.

Tambaya: Malam, tawa na riga na gina, amma furen tumatir sai zuba yake, ba ya ɗaura 'ya'ya.

Amsa: Hajiya, zafi ne ya fi yawan jawo haka. Iska mai zafi sama take tashi, ƙubba kuwa tana tara ta a ƙoli. Idan zafin ciki ya daɗe sama da digiri 32, garin furen tumatir yana lalacewa. Ki mai da biyu ko uku daga alwatikan sama su zama tagogi, ki buɗe wasu kafofi a ƙasa don iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Tagogin sama su kai kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na filin ƙasa. Lokacin tsananin rana a shimfiɗa ragar inuwa ta waje. Sannan tunda iska da ƙudan zuma ba sa shiga sosai, ki riƙa ɗan girgiza igiyar da tumatirin ke hawa da hantsi, kwana bibbiyu, don garin furen ya sauka inda ya kamata. Ki rataya ma'aunin zafi daidai tsayin shukar, ba a bakin ƙofa ba, ki duba shi da tsakar rana.